Tayoyin da Rana Ta Kashe

Ku ajiye wayoyin nan, ku matso kusa. Wannan ba tatsuniya ba ce, babu wanda zai amsa mini. Ku dai ku saurara.

Jiya na ji Muntasir yana ce wa ƙanensa, "Aikin Habboba ai ba aiki ba ne. Taya baƙa ce, zagayayya ce, ka duba lamba a waya ka miƙa wa mutum." Habbobar dai ni ce, haka kuke kiran kaka a nan. Ban tanka ba, domin gwiwata tana ciwo, shayina kuma yana kan wuta. Yau zan tanka. Ku jikokina ku ne za ku karɓi shagon nan, ni na gaji, kuma ba na so ku karɓe shi da wannan tunanin a ka.

Kakana ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa da niyyar Makka. Ya je, ya dawo, ƙafar ta ƙare masa a Omdurman, ya zauna yana koyar da allo. Mu mata abin salla kawai aka koya mana. Har yau ban san baƙi ba, na Larabci ko na boko. Na auri kakanku Usta Harun, Allah Ya jiƙansa, mai shagon faci a bakin hanyar kasuwar Suk Libya, abin da mutanen gari suke ce wa banshar. Na kafa murhun shayi a ƙofar shagon, direba yana jiran tayarsa yana shan nawa. Shekara goma sha ɗaya ina kallon taya kullum ban san komai a kanta ba, kamar yadda ku ma kuka girma kuna tsallake ta.

Tayar lori ce ta shigar da ni sana'ar. Wani mai ɗauko gawayi daga yamma ya kawo ta da hantsi. Irin ta da ce, mai zoben ƙarfe da ke kulle ta a jikin janti, wato ƙarfen da take zama a kai. Usta ya yi faci, ya mayar, ya bubbuga zoben da guduma, ya sa mata iska. Ashe zoben bai zauna ba. Ina zuba sukari na ji ƙara, kofuna suka zube daga faranti. Rai dai Allah Ya bar masa, idanu kuwa biyun suka tafi. Ubanku Babikir yana goye a bayana a ranar.

Da ya warke ya ce a kai shi shago. Ma'aikatansa biyu sun riga sun kama gabansu. Ya zauna a kan benci, ya juyo wajen da yake jin ƙamshin shayi, ya ce, "Hawwa, kashe wutar nan. Zo ki gani mini."

Taya ta farko da na zaɓa da kaina ta wani direban hafla ce, bas mai jigilar mutane zuwa Bahri. Sabuwa ta fi ƙarfinsa, yana son ta hannu mai ɗan sauran kwana. Na shiga tari na zaɓo wadda ta fi kowace zurfin zane, baƙa wuluk, na mirgino ta ina jin kaina. Usta ya ɗora mata hannu. Ya shafa bayanta, ya zura hannu cikinta ya zagaya, ya danna farce, ya sunkuya ya shinshina. Sannan ya tsayar da ita, ya sa gwiwa ya danne ta da dukkan nauyinsa.

Ya ce, "Duba kuncinta yanzu. Me kika gani?"

Kunci yake ce wa gefen taya. Na duba. Inda ɗazu yake sumul, yanzu ya buɗe da 'yan tsage-tsage kamar laka a bakin Nilu bayan ruwa ya janye.

Ya ce, "Mayar da ita. Ta mutu tun bara."

Direban ya ce, "Ya Usta, ni na yarda, ka ba ni ita haka."

Usta ya ce, "Kai ka yarda. Mutum ashirin da za ka ɗauka ka tambaye su?"

Haka na koya, taya bayan taya, shekara bakwai yana kan bencin nan. Liba uku muke da su na ɓanɓare taya daga janti, da guduma, da jak, da rabin ganga na ruwa inda ake neman huji, da injin iska, da famfon hannu don ranar da babu wuta. Duk waɗannan ɗan wata uku zai iya su. Zaɓen taya ne ba a iyawa da wuri. Ka danna farce: roba mai rai takan karɓi farcen ta mayar, matacciya kuwa kamar busasshiyar fata. Ka zura tsinken ashana a cikin zane, in kan ashanar bai ɓuya ba, to zanen ya ƙare. Ka shafa ciki da tafin hannu a hankali, don kumburi ko karyayyiyar waya, kuma waya takan sanar da kai da jini. Ga tabbanta nan a hannuna. Sannan ka juya ta ka duba ɗaya kuncin, wanda mai sayarwa ya jingina da bango.

Akwai lambobi huɗu a kuncin kowace taya, mako da shekarar da aka yi ta. Usta ya riƙa ɗora yatsana a kansu har na san siffar lambobin Turawa goma, kamar yadda na san fuskokin maƙwabta. Ku duba su, ban hana ku ba. Tsohuwar taya tsohuwa ce ko ba ta taɓa taka ƙasa ba. Amma lambar ranar haihuwa take gaya maka, ba ta gaya maka inda tayar ta yi zama ba. A garin nan 'yan kasuwa ba su da wurin ajiya, sai su jera kayansu a saman rufin shago, wai kuma talla ce, a hango daga nesa. Ranar Omdurman ta yi shekara biyu, uku, tana dukan taya a kan kwano. Sai a sauko da ita, a shafe ta da man takalmi, a juya kuncin da ya ƙone zuwa ciki. Zanenta cike, har 'yan gashin nan na sabuwar taya suna nan. Ita ce ta fi kowace kisa, domin kowa yana yarda da ita.

Masu saye kuwa, Allah Ya shirye su. Mai raksha, babur ɗin nan mai ƙafa uku, yana son mafi araha ko da ta ƙafar keke ce. Mai boks, motar nan mai buɗaɗɗen baya, zai sa tayar ƙaramar mota ya loda siminti daga Shajara, in ka ce masa tasa tana son tela takwas, wato zaren jikinta ya yi kauri don kaya, sai ya ce kana son cin kuɗinsa. Wani ya sa babba a dama, ƙarama a hagu. Wanda ya fi gajiyar da ni shi ne mai rage iska don zafi. Yana ganin in rana ta yi ƙuna iska za ta yi yawa ta fasa tayar, sai ya sace kaɗan. Alhali taya mai ƙarancin iska ita ke lanƙwasa a kowane juyi, ta yi zafi daga ciki, ta dahu, ta fashe. A yashi ake rage iska don kada mota ta nutse. A kwalta ba a yi. Na faɗi wannan har bakina ya gaji da shi.

To, sai shekarar da bindiga ta shigo gari. Usta ya daɗe da rasuwa. Ku kuna Kassala wajen kawunku kuna karatu, ba ku gani ba, ubanku kuwa ba mai ba da labari ba ne.

Kwana biyu kafin a fasa shagon na sa mai karo, wato amalanken jaki, ya kai mini taya uku gida, Dar Salam. Su ne mafiya kyau a wurina, tela takwas, 'yan shekarar. Na naɗe su da buhu na tura ƙarƙashin angarib, gadon igiya da nake kwana a kai, a ɗaki mai duhu. Na ɗauko liba biyu, da famfo, da gejin Usta na auna iska, da tiyub guda biyar. Sauran duk aka kwashe, har rabin gangar.

Muka zauna wata da watanni. Babu wuta, ruwa sai a jaki, gari sai a rabin kwano. Da abin ya matso unguwarmu, maza suka yanke shawarar a tafi arewa, garin Dabba, a ayari, mota biyar. Za a bi yashi ta yamma a kauce wa masu tare hanya, sannan a hau kwalta can gaba. Ayari ake so, domin in mota ɗaya ta tsaya a wannan hamada, babu inuwa, babu rijiya. Babikir yana da boks ɗinsa. Mu goma sha huɗu ne za mu hau, da mata da yara da surukinsa mai ciwon sukari.

Ranar tafiya, rana ta ɗan ɗago, na fito da ƙullina. Motar tana ƙofar gida an ɗaure kaya. Na ga ƙafafunta huɗu suna ƙyalli.

Babikir ya ce, "Yumma, hau mana, mutane suna jira."

Na ce, "Ina ka samo waɗannan?"

"Kasuwa, jiya. Jadid, wallahi, sababbi fil. Ko gashinsu bai faɗi ba."

Kasuwar da yake nufi kowa ya san ta, inda kayan shagunan da aka fasa suke fitowa.

Na ce, "Da me ka saya?"

Ya juya yana gyara igiyar kaya. Uwarku Zahra ta gyara mayafi a kan kunnenta. Babu 'yan kunnen aurenta.

Na ajiye ƙullin. Na danna farce a ta gaba, farcen ya zame. Na shinshina yatsana, man takalmi. Na nemi lambobin nan huɗu, an goge wurin da takarda mai yashi, sumul. Sai na kwanta a ƙasa, ni da shekaruna, na ja jiki ƙarƙashin motar don in ga kuncin ciki. Ba na bukatar gwiwa, nauyin kaya ya riga ya danne su. Duk huɗun sun tsage, ɗaya har farcena yana shiga.

Na fito na ce, "Cire su."

"Yumma!"

"Ina tsofaffin naka?"

"Suna zaure. Biyu sun ƙare, ke da kanki kika faɗa."

"Biyu suna da rai. Ina da uku a ƙarƙashin gado. Huɗu a ƙasa, ɗaya safaya. Cire waɗannan."

Ya ce, "Babu wuta, babu inji! Da hannu za mu yi? Yini guda ne! Ayari zai tafi ya bar mu, ya Yumma, ki ji tsoron Allah."

Na ce, "Shi nake ji."

Surukinsa ya leƙo daga gaban mota ya ce, "Hajja, ai tafiyar kwana ɗaya ce, ba Makka za mu ba."

Na ce, "Malam, waɗannan ba za su kai azahar a kwalta ba."

Na zauna a ƙasa a jikin katanga. Na ce su hau su tafi in sun ga dama, ni ba na hawa. Direbobi suna ta danna oda. Zahra ta fara sauko da yara ɗaya bayan ɗaya.

A nan Sadik ya zo. Maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya, sa'an Babikir, shi ma da boks irin namu. Yana yaro Usta ke ba shi tsohon tiyub ya yi danƙo. Mutum ne mai dariya, ko a ranar yana yi.

Ya ce, "Hajja, in ba kya so ni ina so. Zo ki ga nawa ki yi kuka."

Na je na gani. Nasa sun suɗe, ɗaya har zare ya fara leƙowa. Na danna farce, robar ta karɓa ta mayar.

Na ce, "Naka sun suɗe amma da ransu, Sadik. Irin waɗannan sukan sace a hankali, ka ji mota tana ja, ka tsaya ka yi faci. In ka tafi sannu za su iya kai ka. Waɗancan lokaci ɗaya za su fashe."

Ya ce, "Ke da Usta kun sa wa taya rai kamar akuya. Babikir, kawo jak. Ka ba ni naka yadda suke da jantinsu, ka karɓi nawa, ai dama ɓanɓarewa za ku yi. Rabin awa mun gama."

Ku ji abin da ya zo mini a ka, don ku san yadda ake faɗawa. Tayoyin Sadik sun yi laushi, ɓanɓare su daga janti ba wuya. Matattun nan kuwa sun ƙandare kamar itace, kowace za ta ci mana awa biyu da liba. Sannan matarsa Nafisa ta zare zobe daga yatsanta ta damƙa wa Zahra, na ga fuskar Zahra ta ɗan saki. Na ce a raina, na dai gaya masa gaskiya, ba yaro ba ne. Na kawar da kai.

Da suka ɗaure noti na ƙarshe na kama hannun rigarsa. Na ce, "In kun fita daga yashi ka mayar da iska kafin ka hau kwalta. Kuma kada ka yi gudu."

Ya ce, "Da me zan mayar, Hajja, da baki?"

"Ka jira mu, muna da famfo."

"Ayari ba ya jira. Sai mun haɗu a Dabba, ki dafa mini shayin nan naki na da."

Suka tafi, mota huɗu. Unguwa ta yi tsit.

Yini muka yi a zaure. Babikir yana taka taya da diddige yana ɗaga liba, ni ina shafa ruwan sabulu a baki ina nuna masa inda zai sa ta biyu. Kowace sai da muka sa mata tiyub, domin famfon hannu ba ya iya zaunar da taya a janti ba tare da shi ba. Biyu mafiya kyau na ce a baya, inda nauyi yake. Direbobi suna son sa masu kyau a gaba, amma motar da aka loda mutane a bayanta, in ta baya ta fashe, wutsiya take kaɗawa ta zubar da su. Famfo kuwa kowa ya taɓa, har Zahra, har ƙanwarta. Ubanku bai yi mini magana ba duk yinin, sai "miƙo" da "riƙe".

Washegari da gari ya waye muka fita, mu kaɗai. A bakin yashi na sa ya rage iska, muka bi sawun waɗanda suka riga mu. Sau biyu muka kafe muka tura. Da hantsi ya yi ƙarfi sai ga kwalta, baƙa, tana rawa don zafi. Babikir ya nufe ta kai tsaye.

Na buga rufin mota na ce, "Tsaya."

"Yumma, nan fili ne, ana hango mu daga ko'ina. Mu ɗan yi gaba tukuna."

"Ko taku ɗaya."

Can yamma akwai ƙurar wata mota, ba mu san ta su wane ne ba. Kowa yana kallonta. Surukin Babikir yana ta salati. Na sauko da famfo na ɗaura a bawul da kaina, na fara bugawa da hannuwan nan. Da Babikir ya ga haka ya karɓa. Taya huɗu, a rana, ana karɓa-karɓa, ni ina bi da geji ina cewa saura. Ƙurar ta matso, ta tsaya, sannan ta karkata kudu. Ban san dalili ba, ban kuma nema ba. Muka hau kwalta. Na ce masa ya tafi kamar mai ɗauke da ƙwai, kuma duk bayan ɗan lokaci ya tsaya in taɓa.

Bayan azahar muka fara ganin baƙaƙen tsummokin roba a kan hanya. Na san su tun kafin in sauka. Gaba kaɗan sai ga wasu kuma, sannan ga motar Sadik a gefe, ta gangara cikin kwari, ƙafarta ta gaba ta karye ta kwanta. Mutane suna ƙarƙashinta sun shimfiɗa mayafai.

Ta baya ce ta fara fashewa, ya sa safaya. Sauran motocin sun riga sun yi nisa, domin da aka hau kwalta kowa ta kansa ya yi. Ya ƙara wuta don ya cim musu, sai ta gaba ta tafi. Babu wanda ya mutu a faɗuwar. Amma tun jiya da azahar suke wurin, ruwansu saura ƙasan jarka, leɓen yaran ya farfashe.

Sadik ya taso, ya yi ƙoƙarin dariya, ba ta fito ba. Ya ce, "Hajja, kada ki faɗa."

Na ce, "Ba zan faɗa ba. Sha ruwa."

Na duba motar ko safayarmu za ta yi amfani. Ba maganar taya ba ce kuma, ƙarfe ne ya karye. Su takwas ne: shi, da ƙanensa, da Nafisa, da uwarsa, da yara huɗu. Mu goma sha huɗu. Babikir ya dube ni, wannan karon shi ke tambaya.

"Za su ɗauka, Yumma?"

Na zagaya na dafa kowace da tafin hannu, na duba yadda suka zauna. Na ce, "A sauke kaya. Mutum shida za su ɗauka, in an tafi sannu. Takwas ba za su ɗauka ba."

Muka jefar da angarib ɗina, da keken ɗinkin Zahra, da katifu, da tukwane. Aka hau da mata da yara. Sadik ya ce ko da wuri shi ba zai bar motarsa ba, ita ce abincin gidansa, mu dai mu turo masa lori daga Dabba. Ƙanensa ya ce zai zauna da shi. Muka bar musu jarka ɗaya daga cikin biyunmu, da dabino.

Sauran hanyar ba ni da abin faɗa a kanta sai tafin hannu. Mu tafi, mu tsaya, in sauka in dafa. In hannuna ya iya zama a kan tayar har in karanta Fatiha, mu ci gaba. In bai iya ba, mu jira. Wani ya ce a zuba musu ruwa su huce, na ce ruwan na yara ne. Ta bayan dama ta sace sau ɗaya, a hankali, Babikir ya ji motar tana ja ya tsaya, muka sa safaya. Mutum ashirin muka shiga Dabba, babu wanda ya rasa ko farce.

Kwana biyu muka yi kafin mu sami mai lorin da zai yarda ya koma. Babikir ya bi shi. Sun sami motar, an kwashe inji da kujeru da duk abin da ke kwancewa. Jarkar tana nan babu ruwa. Sadik da ƙanensa ba sa nan. Ko sun taka ne neman hanya, ko wasu sun ɗauke su, har yau babu wanda ya zo da labari. An tambaya a asibitoci, an tambaya a wajen direbobi, an sa hotonsu a wayoyin nan naku.

Da hanya ta buɗe muka dawo Omdurman. Na sami shagon babu ƙofa, na sa aka yi wata. Na sake tara kaya kaɗan-kaɗan. Wata safiya ina zaune a kan bencin Usta, wanda ɓarayi suka raina suka bari, sai ga Nafisa. Ita ma ta dawo, tana sayar da kisra, wainar dawar nan mai faɗi, a bakin tasha tana ciyar da yara huɗu da tsohuwa. Ta gaishe ni, na ba ta wuri. Ta daɗe tana kallon tarin tayoyi.

Ta ce, "Hajja, ranar nan, kin san matattu ne?"

Na ce, "Na sani."

"Kin gaya masa?"

"Na gaya masa, 'yata. Kina tsaye."

Ta ce, "Na ji. Ni ma na ji, na kuma ba da zobena. Ba laifinki nake nema ba." Ta gyara mayafinta za ta tashi. "Amma kin san Sadik tun yana yaro, kin san ba ya jin magana. Da kin sa musu wuƙa."

Ta ɗauki kwandonta ta tafi.

Shekara arba'in da wani abu ina wannan sana'a, abin da Usta ya koya mini shi ne in ƙi sayar da matacciya. Ina ƙi, in mirgina ta bayan shago, wani ya zo ya ɗauka, ya shafa mata mai, ta sake fita hanya ta wata ƙofar. Ban taɓa bin ta da ido ba. Tun daga ranar Nafisa, duk tayar da gwiwata ta ce ta mutu, ina huda kuncinta in tsaga shi tsawon taƙi, ko zanenta ya kai zurfin yatsa. Masu yin takalma su zo su kwashe, masu awaki su yi kwamin ruwa da ita. Mai kaya ya yi ihu, ya ce na yi masa asara, in ce ya kai ni ƙara.

Akwai guda bakwai a bayan shago, jiya aka kawo su, gashinsu bai faɗi ba. Na duba su, duk daga saman rufi suke. Hannuna ba ya iya huda roba yanzu. Wuƙar tana rataye a bayan ƙofa, ɗayanku ya tashi ya ɗauko ta.